Tafiyar da Baba Bai Yi Ba

Saura ƙiris Auta ta ƙi raka mahaifinta ofishin tallafi. Ita ba mai son shiga mutane ba ce. Ko a gidan wankin da take aiki, kusurwar guga ta zaɓa, inda ba ta da abokin hira sai tururi. Amma Baba ya daina ganin lambar mota ko da ta tsaya a gabansa, yayyenta kuma kowa yana inda aure ko aiki ya kai shi. Dole ta riƙe masa hannu suka fita.

Yanar ido ce ta rufe masa na hagu ruf, ta fara cin na dama. Likita ya ce aikin ba shi da wuya, kuma mai katin tsofaffi kyauta ake yi masa, sai dai kada a ja lokaci. Baba yana da katin tun da can, amma da aka duba a asibiti sai aka ce ya daina aiki.

Ofishin ɗaki ne dogo, da benci biyu da fanka mai kuka. Ma'aikaciyar tana zaune bayan gilashi mai 'yan huji, tabaraunta ya zamo kan hanci. Ta danna na'urarta, ta ɗago.

“Baba, an dakatar da katinka. Duk shekara ake zuwa a dangwala yatsa, don a san mutum yana raye. Kai ka kwana biyu ba ka zo ba. Ina ka shiga?”

Baba ya buɗe baki, amma Auta ta riga shi. Amsar ta fito da kanta, kamar haddar 'yan aji ɗaya.

“Tafiya ya yi. Ƙasar waje, aikin tuƙi.”

Wannan amsa Gwaggo ce ta koya wa kowa a gidan. Baba direban babbar mota ne. Wata rana da tsakar rana barci ya sace shi, ya afka wa rumfa a bakin titi, wani mutum ya rasa ƙafa. Shari'ar ta ci keken ɗinkin Gwaggo, ta ci 'yan kunnen marigayiya Inna, ta ci makarantar Auta. Kowane zama sai an sallami lauya, a je a zauna, a ɗage. Ranar da aka yanke hukunci Gwaggo ta tara su a ɗaki ta ce, “Yayana tafiya ya yi. Wanda ya faɗi wani abu daban, ni da shi ne.” Shekara da shekaru Auta na faɗar haka, har harshenta ya saba.

Ma'aikaciyar ta cire tabarau.

“To, nan ake yin ta. Wanda ya zauna a waje haka, sai ya sake daga farko. Ya cika shekara a gida tukuna, sannan ya shiga layi.”

“Idonsa ba zai kai ba,” in ji Auta, a hankali.

“Doka ce, ƙanwata, ba ni na yi ta ba. Na gaba.”

Suka fito suka zauna a kan matakala, a inuwar bango. Auta ta sa kai a gwiwa. Baba ya yi ta juya katin a hannu, can ya ce:

“Autata, wace ƙasa ce ma na je? Ku riƙa gaya mini, don in an tambaye ni sunan kuɗinsu kada in ji kunya.”

Ba ta yi dariya ba. Tun da ya dawo bai taɓa maganar can ba, su ma ba su tambaya ba.

“Ƙasar da na je,” ya ci gaba, “ɗakinta bai fi shagon aski ba. A gefe guda muke kwanciya, kamar cokula. In shugaban ɗaki ya ce a juya, kowa ya juya tare. Wanda ya tashi fitsari ya dawo, wurinsa ya rufe. Taga ɗaya ce, can sama, bi da bi muke tsayawa a ƙarƙashinta. Amma abu ɗaya ba su wasa da shi, ƙirga. Safe da yamma mu tsuguna bibbiyu, ganduroba yana bi yana taɓa kawunanmu da sanda. In lissafi bai cika ba, babu mai cin abinci.” Ya girgiza kai. “Wai ba su san ina raye ba. Ni da gwamnati ke ƙirga ni sau biyu a rana? Duk ƙasar nan babu wanda aka tabbatar yana raye kamar ni.”

Auta ta ɗago ta dube shi. Idon daman yana ruwa saboda hasken rana, yana ta ƙifta shi. Ta miƙe.

“Zauna nan, Baba.”

Da ta koma ciki layi ya ƙaru. Ta wuce ta tsaya a gefen gilashin. Wani mai ƙiba da jakar takardu ya ce, “'Yan mata, mu da kika gani ba bishiyoyi ba ne.” Ta ba shi haƙuri ba tare da ta dube shi ba, ta kai baki kusa da hujin ta yi magana.

“Ba na jin ki,” in ji ma'aikaciyar. “Fankar nan ta cika kunne. Ɗaga murya.”

Auta ta ƙara matsowa. Ta sake faɗa, ma'aikaciyar ta sake kama kunne. A karo na uku muryar ta fito fiye da yadda ta so.

“Babana ba ƙasar waje ya je ba. Gidan yari yake.”

Duk 'yan layin suka juyo suna kallonta. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Can wata tsohuwa a ƙarshen benci ta ce, “Allah sarki. Nawa ɗan ma yana can. Ki tambayar mini babanki ko sabulun da nake kaiwa yana isa hannunsu.”

Ma'aikaciyar ta mayar da tabarau.

“Ai da kin faɗa tun ɗazu. Wanda ke hannun hukuma bai bar ƙasa ba. In yana ciki a rufe katin, in ya fito a buɗe masa. Ki kawo mini takardar sallamarsa, ya dangwala yatsa, shi ke nan. Kuma in kin zo kada ki bi layi, ki ƙwanƙwasa mini gilashi.”

Mai ƙiba ya ja jakarsa ya matsa mata ta wuce.

A gida suka tarar da Gwaggo tana tsintar shinkafa a faranti. Auta ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta tambayi takardar. Hannun Gwaggo ya tsaya.

“Wace takarda?”

“Wadda Baba ya dawo da ita a leda.”

“Na ƙona ta. Da ita da rigar da silifas ɗin, ranar da ya dawo. In ajiye abin kunya a gida, jikoki su tono?” Ta dubi Auta da kyau. “Tsaya. Me kika gaya musu a ofishin?”

Auta ta sunkuyar da kai.

“Ke da ko sallama sai an roƙe ki, yau kin sami bakin tona mana asiri a gaban jama'a?”

“Ƙyale yarinya,” in ji Baba, yana lalubar kujera. “Wane asiri? Mutum ya dawo daga ƙasar waje babu akwati, babu agogo, sai leda ɗaya da tari. Ranar da na fara fita, mai shagon bakin layi ya ja ni gefe ya tambaye ni ko har yanzu ba a ba su bargo a can. Ƙaninsa ya yi wata tara.”

Gwaggo ta ajiye faranti.

“Mai shago ya sani?”

“Har da mai kayan miya.”

“Wadda nake gaya wa ka aiko mini da turare?”

“Ita fa.”

“Munafukai. Suka bar ni ina ta zuba.”

“Kara suka yi miki, ƙanwata. Sun ga kina ɗauke da abin, ba su so su ture miki.”

Gwaggo ta sake ɗaukar farantinta. Ta ja bakin zane ta share hanci, ta ce tsakuwa ta yi yawa a shinkafar bana. Daga baya, ba tare da ta dubi kowa ba, ta ce, “To yanzu idon fa? Na ƙona maka ido ke nan?”

“Ba ki ƙona komai ba. Mutanen da ba sa ɓatar da kai ɗaya ba za su ɓatar da takarda ba. Akwai ofishin jin daɗin fursuna a bakin ƙofa, hannun dama. Auta ta nemi wani ganduroba mai furfura, muna ce masa Sarkin Tari. Ta ce Direba ne ya aiko ta. Zai yi mita, amma zai buga mata wata.”

Washegari Auta ta biya gidan wanki ta roƙi uwar ɗakinta rabin yini, ta dawo ta sauya kaya. Tana fita Gwaggo ta biyo ta ƙofa da leda, sabulai ne a ciki.

“Ki ba wa 'yan ɗakinsa na can. Kuma ki tsaya ki ga an rubuta, kada su ci.”

Duk shekarun da Auta ta yi tana kai wa Baba ziyara, sai ta taka har bayan kasuwa kafin ta hau mota, don kada a ga wadda ta shiga. Yau ta tsaya a bakin layinsu. Mai kayan miya tana jera tumatir, ta ɗago.

“Auta, sai ina da sassafe haka?”

“Gidan yari, Iya. Takardar Baba zan karɓo.”

“To, a dawo lafiya. Ga motarki can ta taho, ɗaga mata hannu da kyau, direban nan ba ya tsayawa.”

Auta ta ɗaga hannu sama sosai, motar ta tsaya.