Rusunawar da Ta Kashe Wasan Chizuru

Wasan da Chizuru Nabeshima ta ƙirƙira ba ya bukatar maɓallin tuƙi. Ɗan jan ƙwallo ne a cikin lunguna masu murɗiya, a kan gilashin wata 'yar na'urar hannu. Ka karkata na'urar hagu ya gangara hagu, ka karkata dama ya bi, har ka kai shi gida bai faɗa rami ba. Sharaɗinsa ɗaya: yadda na'urar take a lokacin da aka kunna ta, haka take ɗauka shi ne daidai. Shi ya sa a kan tebur ake kunna ta.

Yau tsoho Todoroki, mai kamfanin, zai gwada da hannunsa. In ya yarda, wasan ya shiga shagunan birnin Osaka. In ya ƙi, an binne shi ke nan.

Kuramochi, shugaban sashensu, ya tare ta a ƙofar ɗakin taro yana share gumi.

"Nabeshima, ki rufa mini asiri. Hannu biyu, kai ƙasa, baki gum. Magana tawa ce."

"To Yallaɓai, bari in kunna a kan tebur tukuna."

"Ki miƙa wa Shugaba abin da aka riga aka fara, kamar ragowar shinkafa? A gidanku haka ake yi? A gabansa za ki kunna!"

Tsohon ya shigo, kowa ya miƙe. Chizuru ta rusuna sosai kamar yadda aka koya mata tun tana sabuwa, ta miƙa na'urar da hannu biyu, ta danna. Sai da ya karɓa ta gane kuskuren. A sunkuye ta kunna ta, na'urar tana karkace.

Todoroki ya riƙe ta a miƙe sarai. Ƙwallon ya sheƙa ya faɗa rami. Ya sake. Rami. Ya sake, kunnuwansa sun fara ja.

"Kuramochi, wannan wasa ne ko gwajin rawar hannun tsofaffi?"

Manyan da ke gefen tebur suka yi 'yar dariyar da ta wajaba.

Gyaran bai fi ƙiftawar ido ba: a kashe, a ajiye, a kunna. Chizuru ta matsa gaba.

"Ranka ya daɗe, da za ka ba ni..."

Kuramochi ya take mata ƙafa, yana murmushi. Wace ce ita da za ta karɓe abu daga hannun Shugaba yana tsakiyar gwaji?

"Hannunka lafiya lau, ranka ya daɗe," in ji shi. "Yarinyar ce ba ta gama aikinta ba. Laifina ne da na ɗauko ta."

"Jikata ma ba za ta karɓi wannan kyauta ba." Tsohon ya tura wa Chizuru na'urar, ya kurɓi shayinsa, ya miƙe. "A rufe maganar wasan nan. A kai yarinyar sashen amsa ƙorafi, ta ji yadda mai saye yake ji."

Kowa ya duƙa don rakiya. Chizuru ma ta duƙa, na'urar na hannunta, idonta a kan gilashin.

Ƙwallon ya tsaya cak a tsakiya, bai ko motsa ba.

"Ƙara yin ƙasa," Kuramochi ya raɗa mata. "Bai fita ba tukuna."