Addu'ar Rifkatu a Zaurena

Kafin matata Rauda ta rasu, abu ɗaya ta roƙe ni: kada in hana Rifkatu shigowa gidan nan. Rifkatu ƙawarta ce, Kirista 'yar Malumfashi, rumfarsu ɗaya a kasuwar Daura, suna sayar da daddawa. Na ce to. Ba a musu da mai barin duniya.

Tun daga nan, kowace Lahadi in ta taso daga coci sai ta tsaya a zaurena, ta rufe ido, ta yi ta motsa baki. Shekara guda ke nan.

Ni nake jan salla a masallacin unguwa, don na fi kowa tarin littattafai. Limancin nan kaɗai ke fitar da ni daga ɗaki. Ranar Juma'a Alhaji Kalilu, wanda ya gina masallacin, ya tare ni.

"Malam, liman guda ana yi masa coci a zaure? Ko ta daina, ko mu nemi wani."

Ranar Lahadi na jira har ta buɗe ido.

"Baiwar Allah, na karanta littattafanku. A ɗariƙarku ba a yi wa mamaci addu'a. Wahalar me kike yi?"

"Wa ya ce maka ita nake yi wa, Malam? Rauda ta huta. Kai ne."

"Ni da nake gaban sahu sau biyar a rana?"

"Ta ce tun da likita ya faɗi sunan ciwon, hannu kawai kake ɗagawa, ba ka roƙon komai. Wai fushi kake yi da Allah. Ta sa na yi mata alkawarin riƙe maka addu'ar har ka dawo." Ta dafa bango. "Kana tsammani daɗi nake ji? Ga ciwon gwiwa, ga 'yan cocinmu suna yi da ni. Ka roƙi Allah abu ɗaya da gaske, ko ruwan sama ne, ka sallame ni."

Da la'asar, bayan sallama, na ɗaga hannu. Na haddace addu'o'i fiye da ɗari, har da sunayen waɗanda suka ruwaito su. Na laluba abin da nake so a ba ni, ban samu ba. Wadda nake so tana maƙabarta. A bayana mutum goma sha biyu suna ta "amin, amin" a kan shiru.

Na shafa, na juya.

"Alhaji, Lahadi za ta dawo. Nemi wani."