Tapin Motar Mato

"Kada ka ɗora dutsen a kan gashin, tela. Kife shi tukuna."

Mato ne ke magana daga inuwar bango, inda yake zaune ya jingina da matashi. Ni kuwa ina durƙushe a ƙofar gidansa da dutsen gugana cike da garwashi. A gabana ga tapi, jar darduma mai kauri da ya sayo a Damagaram tun shekarar samun mulkin kai. Shekara huɗu yana ninke ƙarƙashin gado, har ninkin ya kama jikinsa.

Shekara goma sha biyu muna maƙwabtaka a Tanut, ni ina ɗinki, shi yana jan tsohuwar motarsa mai buɗaɗɗen baya zuwa kasuwannin Belbeji da Tarka. A bazarar nan ciwon ciki ya zaunar da shi. Likita ya ba shi magani, ya ce ya koma gida ya huta. Duk mun gane.

Tun hantsi muka shanya tapin a rana ya yi laushi. Na kife shi, na shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle a bayansa, na bi kowane ninki da guga a hankali. Ninkin tsakiya ya ƙi kwanciya.

"Ɗora masa buhun hatsi," in ji Mato. "Ba abin da nauyi ba ya lanƙwasawa."

"Yaya Mato, motar da ba ta fita, me za ta yi da tapi?"

"Za ta fita."

Bai ƙara ba sai da matarsa Rahamatu ta ajiye mana fura ta koma ciki.

"Tun da na sayi motar nan ba ta taɓa shiga gaba ba," ya ce. "Gaba na 'yan kasuwa ne. Ita kullum baya, cikin buhuna da awaki. Ina so in kai ta Belbeji wajen yayanta Attahir da kaina, tun ina iya riƙe sitiyari. Ba mu da ɗa a raye, Barmo. Ba na son ta yi takaba ita kaɗai."

"Ta sani?"

"Na ce mata ziyara ce."

Washegari ninkin ya kwanta. Na kwance kujerar motar, na ɓamɓare tsohuwar shimfiɗar da ta ruɓe, na kankare tsatsa. Akwai rami a ƙasan motar da hannu zai iya wucewa. Na toshe shi da gwangwani. Na ɗora tsohuwar shimfiɗa a kan sabon tapi zan zana da alli.

"Bar rarar yatsa biyu kowane gefe," in ji Mato. "Kada ka matse. Wajen giya kuma ƙaramin tsagi za ka yi. In ka yanka da yawa ba ya dawowa."

"Ni ne tela ko kai?"

Ya yi dariya har ya dafe ciki.

Na shimfiɗa daga tsakiya ina shafawa zuwa gefe, na rage wajen birki kaɗan-kaɗan har ya daina taɓawa, na danne bakin ƙofofi da ƙarfensu, na mayar da kujera. Na ɗago Mato na zaunar da shi a mazauninsa. Bai fi nauyin ƙullin yadi ba.

"Rahamatu!" ya kira. "Zo ki shiga."

Ta fito tana goge hannu da zane. "Ina za mu, Malam?"

"Yau dai gwaji ne."

Ta shiga ta zauna a ɗarare, ta taɓa tapin da babban yatsan ƙafa. Ya murɗa makulli, motar ta yi tari sau biyu ta tashi. Ya sa ƙafa zai taka, ƙafar ta kasa dannawa. Ya sake gwadawa, sannan ya kashe.

"Jibi," ya ce.

"Malam," ta ce, tana kallon gilashi, "ba inda za ni in bar ka. Kana tsammani ban san ziyarar da kake nufi ba?"

Na koma shagona na bar su. Har aka kira la'asar suna zaune a ciki.

Ranar Laraba da hantsi ya cika. Ni na ɗinka likkafani. Rahamatu ta yi takabarta a ɗakinta, matata Jummai tana kwana wurinta.

Cikin damina Attahir ya zo da wani shofer da zai tuƙa motar Mato. An yi yayyafi da safen. Suka ɗaure gado da tukwane a baya. Rahamatu ta nufi baya za ta hau, Attahir ya buɗe mata ƙofar gaba. Ta daɗe tsaye kafin ta shiga.

Motar ta bi hanyar yamma. Inda motar ta daɗe a ajiye ƙasa ta rage a bushe, daidai faɗinta da tsawonta. Akuyar Jummai ta zo ta kwanta a wurin.