Kofin Malam Ila

A Rafin Guza, a shekarun tamanin, akwai maƙera da teloli da masu faci, amma babu asibiti, kuma famfo ɗaya ne ke kawo ruwa. Mutum ɗaya ne ke sa farar riga a layin, Malam Ila mai gilashi. Abin da ya koya shi ne yanka gilashin ido da daidaita shi a fuska, bayan likita ya auna ya rubuta lamba. Duk da haka kowa Likita yake ce masa. Ya sha gyara musu, har ya gaji ya bari.

Wata Asabar da hantsi faɗa ya kaure tsakanin 'yan garuwa a bakin famfo. Aka fara da sanda, aka koma kwalba. Safara'u, 'yar shekara tara, tana layi da bokitinta. Wata kwalba ta tarwatse a jikin bango, tsininta ya shige idon yarinyar na hagu.

Kawunta Audi mai faci ya sungume ta ya kai shagon Malam Ila, jama'a na biye. Ya ce Likita ya cire tsinin kwalbar.

Malam Ila ya duba, bai taɓa ba. Ya yi bayani a hankali cewa wannan aikin likitan tiyatar ido ne, wanda ya gama karatun likita sannan ya ƙara shekaru a kan ido kaɗai. Ya ce a nemo mota.

"Shekara da shekaru kana amsa Likita," in ji Audi. "Yau ka ga jini, ka koma mai gilashi?"

"Audi, ban iya ba. In aka ja, ruwan idon zai biyo."

Audi ya kwaɗa masa mari. Wani ya ce ai kuɗi yake jira, ya ɗaga benci ya maka wa akwatin gilasai. Audi ya zaro filaya daga aljihu, ya ce da hannunsa zai cire.

Malam Ila ya wawuri ƙaramin kofin roba, ya kife a kan idon, ya danne da hannun dama. Audi ya buge hannun da filaya. Ya sake bugu. Safara'u tana jin ƙarar ƙashi a goshinta, jinin Malam Ila na gangarowa kumatunta, amma kofin bai gusa ba. Sai da mahaifiyarta Jummai ta iso da tasi ta shaƙe wuyan rigar ƙanenta, sannan Audi ya saki filayar.

Malam Ila ya riƙe kofin har asibitin ido. A can aka yi tiyata, idon ya tsira, ko da yake dishi-dishi yake gani. Yatsun Malam Ila biyu suka warke a karkace, yankan gilashi ya gagare shi.

Safara'u ta gane cewa kowane mai aikin ido da iyakar karatunsa, kuma idonta ya tsira ne saboda Malam Ila ya tsaya a tasa iyakar.