Kwalbar Ruwan Baba Ila

Yahaya ne ya riƙe kafaɗu, Idi tela ya riƙe ƙafafu, suka fito da Baba Ila daga zaure a hankali, suka kwantar da shi a kujerar baya ta tsohuwar Fijo. Bai fi nauyin buhun dusa ba. Mutumin da a da shi kaɗai yake rungumo giyabos ɗin mota ya aza a kan benci, yau hularsa ma ta yi masa yawa. Matarsa, Inna Delu, ta shiga ta ɗora kansa a cinyarta, Yahaya ya rufe musu ƙofa da gwiwa, don ƙofar bayan motarsa sai wanda ya san halinta.

Kwana biyu ke nan da aka sallamo tsohon daga asibiti. Likita bai yi ɓoye-ɓoye ba, ya ce a kai shi gida a ci gaba da addu'a. Shi kuwa Baba Ila da ya ji an ce gida, hankalinsa bai je kan ɗakinsa na Hayin Banki ba, inda ya shekara talatin yana kanikanci. Rigachikun yake nufi, gidan da aka haife shi, inda ƙanwarsa Husaina take zaune har yanzu. Da safen nan ya buɗe ido ya ce a ɗakin mahaifiyarsa yake so ya cika, kuma yana ji a jikinsa ba zai kai gobe ba.

Tafiyar ba wata tafiya ba ce, a ranar da duniya take zaune lafiya minti ashirin ya kai mutum. Amma daminar 1994 ce, ma'aikatan mai suna yajin aiki, Kaduna ta koma garin 'yan ƙafa. Motar Yahaya, wadda da ita yake tasi yana ciyar da iyalinsa, kwananta uku a layin mai a Kawo. Da matarsa Mariya ta tako har can ta gaya masa halin da ake ciki, sai ya bar gurbinsa ya fito. Allurar tanki ta kwanta tun jiya, ko 'yan bumburutu masu sayar da mai a galan ba a ga ƙeyarsu ba. Abin da aka samu kawai shi ne wani ɗan ragowar fetur da Inna Delu ta lalubo a ƙarƙashin gado, wanda tsohon yake wanke fulogi da shi. Yahaya ya juye shi a tanki, ya ji ko ƙara bai yi ba.

Ya sunkuya ta taga ya ce wa Baba Ila, cikin ladabi, yana tsoron kada man ya yanke musu a hanya, a daji, da mara lafiya. Tsohon ya buɗe ido ɗaya.

"Kai Bakano, ka cika tsoro. Ba ga kwalbata ba? Da ita mun isa."

Gaban Yahaya ya faɗi, domin a nan matsalar take.

Shekara biyu da suka wuce, bayan ciwon baya ya raba Baba Ila da shiga ƙarƙashin mota, ya zauna ya ƙera wata dabara. Ya ce tun yana yaron gareji ya lura inji ya fi natsuwa da ja a safiyar da aka kwana ana ruwa, saboda haka idan aka riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan zai rage shan mai. Ya samo kwalba ya ɗaure a gefen batir, ya ja mata layi da jan fenti, ya samo robar ƙarin ruwa irin ta asibiti, mai ɗan tayan nan da ake murzawa a ƙara gudu ko a rage, ya soka bakinta a tiyon da ke shiga kafireta. Idan inji ya tashi, shi da kansa zai riƙa tsotsa ɗigo-ɗigo. Direbobin unguwa duk suka yi masa dariya, suka ce a kai kasuwa. Yahaya ne kaɗai ya kasa. Ranar da ya sauka Kaduna daga Kano da 'yar jakarsa, a zauren Baba Ila ya kwana, a garejinsa ya koyi tuƙi, shi ya tsaya masa a matsayin uba da zai auri Mariya. Irin wannan mutum ba a duban idonsa a ce masa a'a.

Ya bari aka ɗaura. Amma yana shan kwanar farko ya tsaya, ya ɗaga bonet, ya murza ɗan tayan ya rufe ruf. Wane mahaukaci ne zai ɗura wa abin cin abincinsa ruwa? Daga ranar kullum da yamma, kafin ya shigo layinsu, sai ya tsaya gindin wani darbejiya ya tsiyayar da ruwan kamar yatsa uku, ya buɗe tayan, ya iso gida da fuskar mutumin kirki. Washegari a kwanar farko ya sake rufewa. Baba Ila kuwa yana nan zaune a kan benci da buta. Zai taso yana dafa ƙugu, ya duba kwalba, ya gyaɗa kai, ya cika ta zuwa jan layi, sannan ya juya ya gaya wa 'yan majalisa cewa Bazazzagi ya yi abin da ya gagari Turawa. Darbejiyar nan dai ta ji daɗin duniya, ta fi duk 'yan'uwanta ganye.

Yanzu ga tsohon yana lissafin hanyarsa ta ƙarshe da abin da bai taɓa aiki a doguwar hanya ba ko sau ɗaya. Yahaya ya ji kunya ta rufe shi, ya ji tsoro kuma. Idan ya faɗi gaskiya ya karya zuciyar mutumin da numfashinsa ke hawa da sauka. Idan ya yi shiru suka tsaya a hanya, ya cuce shi sau biyu.

Ya zagaya gaba ya ɗaga bonet, murfin ya kare shi daga idon kowa. Tayan a rufe yake, don yau bai tsaya wajen darbejiya ba. Ya daɗe yana kallonsa. Ya tuna Mariya da yara, ya tuna labarin motocin da ruwa ya shiga injinsu suka zama gidan kaji. Sai ya yi bisimilla ya murza. Idi tela ya tayar da motar, ta yi tari sau biyu, ta girgiza kamar za ta mutu, sannan ta daidaita. A cikin ɗan bututun robar ɗigo ya taru, ya faɗa, wani ya biyo shi.

Suka bar Idi a ƙofar gida yana yi musu addu'a. Suka bi ta Kawo, ta gefen layin da Yahaya ya baro, motoci jere har inda ido ya ƙare, direbobi sun shimfiɗa kwalaye a inuwa suna dara. Wasu suka miƙe suna kallon motar da ke tafiya da kanta kamar sun ga baƙon abu. Da suka hau hanyar Zariya titin fayau yake, sai masu keke da mata ɗauke da itace. An yi ruwa da asuba, masara ta yi kore shar a dama da hagu.

Baba Ila idonsa a rufe, amma kunnensa yana gaba. Da ƙyar muryarsa take fita, Inna Delu ce take maimaitawa. Ya ce a sa giya ta huɗu. Ya ce a ɗaga ƙafa daga totur, ba rawa ake ba. Ya ce idan an zo gangara a cire giya a bar ta ta tafi da nauyinta. Yahaya yana bi kamar ranar da ya fara koyo, gumi yana bin bayansa, idonsa rabi a titi rabi a kan allurar da ba ta da sauran abin faɗa.

Can bayan sun yi nisa, sai ya ji tsohon yana wani sauti. Ya waiga a tsorace, ashe dariya ce.

"Yahaya."

"Na'am, Baba."

"Yau ka buɗe ta."

Sitiyari ya yi wa Yahaya santsi a hannu.

"Ka ji yadda take tafiya lumui? Shekara biyu ina jiran in ji wannan ƙarar."

"Baba, dama ka sani?"

"Ni da na shekara hamsin ina sauraron inji? Tun makon farko na yi zargi." Ya tsaya ya ja numfashi, Inna Delu ta goge masa baki da gefen mayafinta. "Watan jiya kuma ka gama tona kanka. Mota ta kwana biyu a layi, turawa kuke yi, amma ta dawo mini ta shanye rabin kwalba. Na ce lallai motar Bakano ko a tsaye ƙishirwa take ji."

Inna Delu, wadda tun asuba take kuka a ɓoye, sai ga ta tana dariya da hawaye. Yahaya ya ce don Allah Baba ya yafe masa, tsoro ne ya sa, ba raini ba. Ya tambaye shi me ya hana shi magana tuntuni.

"Kai kana jin kunyata, ni ina jin taka. Kuma da na yi magana, me zai fito da ni ƙofar gida da yamma? Na yafe maka duniya da lahira. Dubi hanya."

Rufin kwanon gidajen Rigachikun ya fara bayyana lokacin da motar ta yi shaƙuwa ta farko. Ta sake yi, ta ja kaɗan, sannan injin ya ɗauke gaba ɗaya. Allah ya sa sun riga sun hau kan tudu. Yahaya ya cire giya, motar ta gangara shiru, ba ka jin komai sai tayoyi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Ya karya kanta zuwa layin da Inna Delu ta nuna, ta yi ta rage gudu har ta tsaya gindin wani mangwaro. Daga nan ana hango zauren gidan. Wasu magidanta da ke zaune a bakin masallaci suka taso, da suka leƙa suka ga ko wane ne, ba su tambayi komai ba, suka sa kafaɗa suka tura ta har ƙofa.

Husaina ta fito ba ko takalmi, tsohuwa ce ita ma, tana kiran "Yaya, Yaya." Aka shigar da shi ɗakin mahaifiyarsu, aka kwantar da shi a kan tabarma kusa da taga. Ya dubi rufin ɗakin ya daɗe, ya ce azarar nan ta tsakiya shi ya taya babansu ɗora ta. Ya sha kunu cokali biyu daga hannun ƙanwarsa. Da azahar ya yi salla da ishara. Bayan la'asar kaɗan, Husaina tana riƙe da hannunsa, Yahaya yana maimaita masa kalmar shahada yana bi, ya cika, a hankali kamar mai gyangyaɗi.

Kafin magariba an kai shi makwancinsa, a maƙabartar da iyayensa suke. Yahaya ya yi kuka, amma ba irin kukan da ya ji tsoro da safe ba. A hanyar dawowa mutane suna ta cewa Allah ya cika wa Malam Ila burinsa, wani ya tambayi yadda aka yi suka iso a wannan marra. Yahaya ya ce shi ma bai sani ba. Ko ragowar man ne ya fi yadda ya zata, ko tuƙin da tsohon ya sa shi ne, ko kwalbar ce, bai taɓa iya rabewa ba, bai kuma yarda ya yi gardama da kowa a kai ba.

Motar tana nan a ƙofar gida, ba ta da ranar tashi. Ya yi alwala a gefenta, ruwa ya ragu a butar. Har ya miƙe zai nufi masallaci, sai ya dawo ya ɗaga bonet. Ruwan kwalbar ya sauka ƙasa da jan layi da kamar yatsa ɗaya, shi kaɗai, ba wanda ya taɓa shi. Yahaya ya cire murfin, ya karkata butar a hankali har ruwan ya hau daidai layin, ya rufe. Ya bar ɗan tayan a buɗe, ya sauke bonet ɗin da hannu biyu don kada ya yi ƙara.