Hannun Hagun Ustaz Nazmi

Dariyar daga bakin ƙofa ta taso, inda maza suke tsaitsaye, kafin ta cika ɗakin. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba, kuma har gobe ina jin kunyarta.

A kan farin zanen gadon da muka rataya a bango, wani saurayi masunci ne yake fitowa daga teku ɗauke da gawar ƙanensa. Sai dai tafiyar tasa tsul-tsul take, mutanen bakin gaɓa kuwa sai kai-komo suke kamar kajin da aka watsa wa tsaba.

Saurayin nan Ustaz Nazmi ne, maƙwabcina na saman bene, a zamanin da fim bai koyi magana ba. Finafinai bakwai ya shirya a nan Iskandariyya ta Masar, shi ne mai ba da umarni, shi ne jarumi. Da sauti ya zo aka daina nemansa, gobara kuma ta cinye shida, saura wannan a cikin gwangwani. Shekara ashirin ina yi masa ɗinkin riguna, ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. In zai gaishe ka a matakala, gira ɗaya zai ɗaga, ka wuni kana jin an girmama ka.

Yanzu ga shi jingine da matasai, ɓarin damansa ya shanye, baki ya tafi. Likita ya ce kwanaki ne. Shi ya sa 'yarsa Durriyya ta roƙi Usta Gabir, mai haska fim a silimar unguwa, ya kawo injinsa da la'asar. Muka toshe tagogi da barguna. Burinta ɗaya, mutanen gidan su ga ko wane ne babanta tun yana da rai.

"Kai, Ustaz!" in ji Hassuna mahauci. "Ashe ɗan barkwanci ne kai ba mu sani ba? Wannan gawa ce ko buhun albasa?"

Na waiwaya. Hawaye na gangarowa ta gefen fuskar tsohon. Ya bugi katifa da hannun hagu, sannan ya ɗaga shi yana juyawa a iska, a hankali, kamar mai niƙa kofi.

"Baba, ruwa kake so?" Durriyya ta tambaya.

Usta Gabir ya dafe goshi, ya kashe injin. "Wayyo ni jaki! A zamaninsu da hannu ake juya kamara, ya Sitti Durriyya. Injina na lantarki ne, gudu yake. Laifina ne, ba nasa ba."

Tsohon ya nuna ƙarƙashin gado. Aka jawo wani akwati, ga tsohon injin hannu nannaɗe a tawul, an shafe shi da mai tsaf. Usta Gabir ya ɗora shi kan tebur dab da gadon, ya zura fim, ya kunna fitila, ya kama mariƙin. Ustaz Nazmi ya ɗora hannunsa a kan nasa.

"In rage?" in ji Usta Gabir. "In ƙara ragewa? To, ranka ya daɗe, kai ne mai umarni."

Sai masuncin ya sake fitowa daga teku. Wannan karon ruwa na riƙe masa ƙafa, nauyin gawar ya lanƙwasa shi. Ya tsaya, ya dubi mutanen gaɓa ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda zai je ya gaya wa uwarsu. Wallahi ban taɓa ganin fuska ta faɗi magana haka ba. Hassuna ya sunkuyar da kai yana share ido da hannun riga.

Ban san lokacin da hannun tsohon ya zame ya faɗi kan bargo ba. Durriyya ce ta fara gani. Ta yi salati ƙasa-ƙasa, ta shafa masa ido.

"Ya Sitti," Usta Gabir ya raɗa mata, "in na tsaya fitila za ta ƙone fim ɗin."

"Kada ka tsaya," ta ce. "Kada kuma ka ƙara sauri."

Ya ci gaba da juyawa yadda aka koya masa. A jikin bango saurayin yana hawa tudun yashi da ƙanensa a kafaɗa, taku ɗaya bayan ɗaya.