Kwanon Ladidi Ya Dawo Gida

Ga ta nan tafe, ga ta gare ku.

Ta iso, kunnenmu na gare ki.

A garin Diffa an yi wata tsohuwa, Ladidi, wadda ta biyo mijinta aikin asibiti daga Dogon Dutse tun tana amarya, miji ya mutu ita ta zauna. Kirista ce ta gidi. Da asuba sai ta ambaci jikokinta ɗaya bayan ɗaya a addu'a, har wanda ke ciki. In an tashi majami'a ranar Lahadi kuwa, ta ɗauki kwanon tuwo ta fita, ba mai tambayarta ina za ta. Ta rasu a shekarar da aka kai hari Bosso, lokacin da ba mai yarda da baƙuwar fuska.

To, wurin shirya gawa ƴarta Godiya ta nemi ɗankwalin Zumuntar Mata na tsohuwar, na majami'a, ta rasa. Ta sa a ranta wata ce ta ɗauke.

Ana zaman makoki, an sa samari a ƙofa suna laluben duk mai shiga. Godiya ta lura da wata mata mai hijabi da ke tsayawa kullum gindin bedi a tsallaken hanya, da abu a hammata. Ba ta shiga, ba ta tafiya.

Yayanta Andarawus ya ce, "Kin gan ta? Ƙirga mu take yi."

"Ko kunya ce, Yaya."

"Kunya da kaya cikin hijabi?"

Ran nan da hantsi matar ta tsallako, ta ajiye ƙunshi a bakin ƙofa, ta ja da baya. Kafin ka ce me, rumfar makoki ta watse don tsoron bam, har Fasto ya bar takalminsa. Andarawus ya kira jandarma a salula.

Godiya ta leƙo ta bayan kyaure. Ƙunshin nan da ɗankwalin uwarta aka ɗaure shi. Ta zagaye shi nesa-nesa, ta nufi matar.

"Baiwar Allah, ina kika samu ɗankwalin uwata?"

"Ita ta ɗaure mini tuwo da shi," in ji matar, da Hausarta ta Barebari. "Sunana Falmata. Daga Damasak muka gudo, muna bukkokin bakin kwalta. Kowace Lahadi Iya na zuwa. Sai ta daina."

"Me ke ciki?"

"Kwanonta. Ai ba a mai da kwano wofi."

"To me ya hana ki shiga kamar kowa?"

Falmata ta dubi samarin ƙofa, ta rage murya. "Bandar kifi ce, ta tabki. Ita kaɗai na samu. In suka gani, kin san sauran."

Godiya ta sani. An hana kifin tabki, ana cewa da shi mutanen daji, masu kai harin nan, ke samun abinci da makamai. Wanda aka kama da shi, sai dai ƴaƴansa su ji labari. Amma kuma baki ba ya wuyar tsara magana.

Ta ce, "Zo ki kwance da hannunki."

Falmata ta zo ta durƙusa, ta kwance. Godiya na tsaye kanta. Aka ɗaga faifai. Kifi ne baƙi, an jera shi da kyau. Godiya ta ɗaga kwanon ta duba, ga ɗigon jan farce a gindinsa, shaidar da Ladidi ke sa wa kwanoninta don kada su ɓace a gidan biki.

Ƙarar mota ta doso. Godiya ta sure kwanon ta shige, ta juye kifin duka cikin tukunyar miyar makoki, ta fito da shi wofi.

Jandarma ya tambaya, "Ina kayan?"

"Kwanon marigayiya ne aka maido, ranka ya daɗe. Tsoro ne ya yi mana yawa."

Ya nuna Falmata. "Wannan fa?"

"Ƙawar uwata ce."

Jandarman ya shinshina kwanon, ya dubi Andarawus. Andarawus ya kalli ƙanwarsa, sannan ya ce, "Haka ne."

Da motar jandarma ta tafi, Andarawus ya ce wa Godiya, "Waye ya ba ta kifin? Kin tambaya?"

Ba ta tambaya ba. Miya ta yi daɗi, Fasto har da ƙari, amma Andarawus gayan tuwo ya ci.

Andarawus ya nemi canjin aiki, ya koma Damagaram da iyalinsa. Falmata ta koma Damasak da aka fara komawa, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Godiya tana nan Diffa a ɗakin uwarta, ita ke ɗaura ɗankwalin, ranar Lahadi kuma ita ke fita da kwanon.